Hukuncin Neman Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Jami'a

Daga cikin mas'alolin da zamani ya kawo mana har ƙofar zaure tun ba mu gama shirin karɓarsu ba, akwai wadda take tasowa duk lokacin da wani yaro daga wannan yanki namu, tun daga Birnin Tsaba da Dauran har zuwa Zurmi da Ƙauran Namoda da Shinkafi, ya kammala sakandare, ya sami gurbi a jami'a, sa'an nan ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa ya shaida masa cewa fannin da aka ba shi, ko wanda zuciyarsa ta zaɓa, shi ne ilimin halayyar ɗan Adam, wanda 'yan boko ke kira saikoloji. Da ya ce likita ne zai karanta, ko shari'a, ko aikin gona, da magana ta ƙare da sa albarka, domin amfanin waɗannan ba ya ɓuya ga kowa. Amma da jin an ce za a tafi a karanci zuciyar mutum da hankalinsa daga littattafan da asalinsu Turai ne, sai dattijo ya yi shiru. Shirun nan nasa kuwa ba na jahilci ba ne, tsoro ne na mai kishin aƙidar ɗansa, kuma ya cancanci a amsa masa da hujja, cikin ladabi.

Shubuhar farko da ake kawowa ita ce ta ruhi. Ana cewa, tun da Allah Maɗaukakin Sarki ya rufe ƙofar sanin haƙiƙanin ruhi a aya ta 85 cikin Suratul Isra'i, ya mayar da al'amarinsa gare shi shi kaɗai, ina dalilin da zai sa bawa ya kafa sashe a jami'a, da ɗakin gwaji da ma'aunai, yana neman leƙa abin da aka hana shi gani? Wannan magana tana da nauyi, kuma da a ce ruhi ake aunawa a can, da ni ma na tsaya tare da masu hanawa. To, amma abin da ɗalibi zai tarar a zauren karatu wani abu ne dabam. Tun daga shekarar 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji na farko na wannan fanni a birnin Leipzig na ƙasar Jamus, abin da masu wannan ilimi suka duƙufa a kansa shi ne abin da ke bayyana daga mutum, wanda ido ke iya gani a kuma ƙidaya shi: yadda yaro ke fara magana da matakan da hankalinsa ke bi kafin ya cika, yadda hadda ke zama a kai da abin da ke kawo mantuwa, yadda tsoro ke shiga mutum ya ƙi fita, yadda ɗabi'a ke kafuwa da maimaici, yadda mutum ɗaya mai kunya kan aikata a cikin taro abin da ba zai aikata shi kaɗai ba. Duk malamin makarantar da ya bi ta Kwalejin Ilimi ta Maru, ko ta horon malamai mata da ke Gusau, ya ɗanɗani wani abu daga wannan karatu, kuma ba mu ji ya dawo yana da'awar ya san ruhi ba. Haƙiƙanin ruhi gaibu ne. Amma halayen rai, da abin da ke gyara su da abin da ke ɓata su, suna daga cikin ayoyin da Alƙur'ani da kansa ya zargi mutane da rashin duba su a cikin kawunansu.

Kuma magabatanmu sun duba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini domin sharhin abubuwan al'ajabi na zuciya, inda ya bi diddigin yadda tunani ke faɗo wa mutum ba da zaɓinsa ba, ya zama sha'awa, sha'awa ta zama ƙuduri, ƙuduri ya zama aiki, ya kuma bayyana matakin da ake kama bawa da laifi da wanda aka yafe masa. Kafin shi da kusan ƙarni biyu, Abu Zaidil Balhi, wanda ya rasu a 934, ya wallafa Masalihul Abdani wal Anfusi, ya yi babi a kan fushi, da babi a kan tsoro da firgita, da babi a kan baƙin ciki, da babi a kan waswasi, ya kuma yi ƙorafin cewa likitocin zamaninsa sun shagala da jiki sun bar rai, alhali ciwon ɗayansu ba ya barin ɗayan lafiya. Ba ma sai mun tafi Bagadaza ko Balha ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ƙanensa Malam Abdullahi ya ba da labari a Tazyinul Waraƙati cewa sun yi kimanin shekara biyar suna wa'azi a ƙasar Zamfara, ya rubuta Ɗariƙul Janna, inda ya jero cututtukan zuciya irin su ujubu da girman kai da hassada da dogon buri, kowanne da maganinsa; shi kuma Malam Abdullahi ya bar mana Tahzibul Insani. Waɗannan littattafai ana karanta su a zaurukanmu har gobe, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji fassararsu ya san cewa bincike a kan rai ba baƙo ba ne a gidan Musulmi.

Sai dai ba zan ɓoye wa mai karatu ba, tsoron dattijon nan yana da tushe. A cikin abin da ake karantarwa a jami'a akwai wanda bincike ya tabbatar, akwai kuma aƙidar mai binciken da ta shigo a saye cikin rigar ilimi. Sigmund Freud, likitan nan na ƙasar Ostiriya, ya fitar da littafi a 1927 yana riya cewa addini ruɗu ne da ɗan Adam ya ƙago saboda rauninsa da buƙatarsa ga uba mai kāre shi; wannan kuwa bai auna shi a ɗakin gwaji ba, ra'ayinsa ne ya faɗa. John Watson na Amurka ya yi shela a 1913 cewa masu wannan fanni su bar zancen abin da ke cikin zuciya su tsaya ga motsin da ake gani kawai, har aka wayi gari wasu mabiyansa na kallon mutum tamkar dabbar da ake horarwa da lada da duka, ba niyya, ba zaɓi. Wanda ya fi kowa faɗakar da Musulmi a kan wannan shi ne Farfesa Malik Badri, mutumin Sudan, wanda ya karanci fannin har ƙarshensa, ya yi aiki da marasa lafiya shekaru masu yawa, sa'an nan ya fitar da littafinsa a 1979 a kan tsaka mai wuyar da masanan Musulmi suka shiga, yana tunatar da su hadisin nan da ya yi gargaɗi a kan bin al'ummomin da suka gabata har cikin ramin damo. Abin lura shi ne Malik Badri bai ce a ƙaurace wa fannin ba, kuma bai fita daga cikinsa ba har ya rasu a 2021; cewa ya yi a shiga da ido buɗe. Aikin ɗalibin kirki a nan irin na mai sheƙa ne a masussuka, ya bar iska ta tafi da ƙaiƙayi, ya tattara tsaba. Sharaɗin kuwa shi ne ya san tsabar tun daga gida, wato ya tafi jami'a da tauhidinsa a hannu, ya riga ya karanci Ahalari da Ishmawi da Risala, ba wai ya je can ne zai fara tambayar wane ne shi ba.

Akwai kuma wata hujja da ban cika jin ana kawo ta ba, alhali a ganina ta fi sauran ƙarfi, domin daga cikin fiƙihu ta fito. Shari'a gaba ɗayanta an gina ta a kan hankali: shi ne sharaɗin taklifi, kuma kiyaye shi yana daga cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka ce domin su aka saukar da hukunce-hukunce. Hadisi ya tabbatar da ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da wanda hankalinsa ya gushe. Sakin mahaukaci ba ya aukuwa, cinikinsa ba ya ƙulluwa, ba a tsayar masa da haddi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya hauka na daga cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓi a aure, har ana jinkirta wa mai ita shekara guda in ana fatan warakarsa. To, a jihar Zamfara da ta dawo da aiki da shari'a a kotunanta tun shekarar 2000, idan aka gurfanar da mutum gaban alƙali a Ƙaura ko Shinkafi, danginsa suka ce ba ya cikin hayyacinsa lokacin da ya aikata, abokan shari'arsa suka ce ƙarya ce, da me alƙali zai rarrabe? Ba kowane mai taɓin hankali ke yawo tsirara a kasuwa ba. Wani yana sallah cikin sahu, yana gaisawa da mutane lafiya lau, alhali yana jin muryoyin da babu mai jinsu sai shi. Malamai sun kafa ƙa'ida cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne, kuma sun yarda alƙali ya koma ga masana a abin da ya shafi sana'arsu. Ke nan ita shari'ar da ake tsoron wannan ilimi zai rushe, ita ce ke neman wanda ya ƙware a cikinsa.

Shubuha ta biyu ta fi ta farko shiga rai, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ana cewa mumini ba ya ciwon damuwa; wanda ya yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, haƙuri ya ishe shi, kuma sanya wa baƙin ciki sunan cuta, a ce sai an kai mutum wurin masani ya zauna ya saurare shi, raunana tawakkali ne. Mai wannan magana alheri yake nufi, amma ina roƙonsa ya dubi halin da ƙasarmu take ciki. Shekara fiye da goma ke nan 'yan bindiga suna addabar wannan yanki. An kwashe shanu, an ƙone rumbuna, an ɗora wa ƙauyuka haraji kafin su yi noma da kuma kafin su girbe, an tare hanyoyin da fatake ke bi zuwa kasuwar Shinkafi, har ta kai a watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe layukan waya da kasuwannin mako a faɗin jihar. Waɗanda aka kashe an yi musu sutura, Allah ya jiƙansu. Amma waɗanda suka rayu fa? Akwai matar da ta dawo daga daji bayan an biya kuɗin fansa, ba ta ƙara yin magana mai tsawo da kowa ba, ga abin da aka yi mata ba ya faɗuwa, ga dangin miji suna kallonta da wani ido. Akwai yaron da ƙarar babur ke sa shi fitsari a tsaye. Akwai magidancin da ya sayar da gonar gado ya fanso iyalinsa, yanzu yana zaune a kangon wani a cikin gari, barci ya ƙaurace masa, abin da bai kai ya kawo ba sai ya hau matarsa da faɗa, shi da aka sani da sanyin hali. Akwai saurayin da ya ga an yanka mahaifinsa, ya sami mafaka a ƙwaya. Duk waɗannan an ce musu su yi haƙuri, kuma sun yi. Ba su yi wa Ubangijinsu ƙorafi ba, ba su bar sallah ba. Haƙurin nasu yana nan a rubuce wurin Allah, amma raunin bai warke ba.

Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar haƙuri a matsayin rashin jin zafi. Annabi Yaƙubu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya yi alkawarin haƙuri mai kyau, kuma shi ne idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kamar yadda Suratu Yusufa ta ba da labari, ba tare da ɗayan biyun ya rushe ɗayan ba. Shekarar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya rasa Nana Hadiza da baffansa Abu Ɗalibi, malaman sira shekarar baƙin ciki suka kira ta. Ya kuma inganta a Buhari cewa Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa rasuwa, saboda ta ji daga Annabi cewa yana sanyaya zuciyar marar lafiya, yana rage baƙin ciki. A nan ga baƙin ciki an nema masa sababi na zahiri a gidan Annabta, ba a ce da mai shi imaninka ne ya yi rauni ba. Shi kuwa Balhi ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, wanda ake magance shi da nasiha daga waje da kuma gyaran tunani daga ciki, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya hana shi walwala, wanda ya ce asalinsa daga jiki ne, kuma sai an haɗa da maganin jiki. Hanyar gyaran tunani da Aaron Beck ya shahara da ita a Amurka tun daga shekarun 1960, wadda a yau take cikin hanyoyin da aka fi gwadawa aka ga amfaninsu, tana kusa ƙwarai da abin da wannan malami ya rubuta shekara dubu kafin shi. Ciwon firgicin da ke biyo bayan masifa kuwa, likitocin Amurka ba su sanya shi a kundinsu da sunansa ba sai a 1980, bayan abin da suka gani a jikin sojojinsu da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Tun daga nan an tara sani mai yawa a kan yadda ake taimakon mai shi, kuma haramta wa mutanenmu wannan sani da sunan tawakkali zalunci ne da ba a yi niyyarsa ba.

Game da aljanu da sammu, ba na jayayya da abin da nassi ya tabbatar, kuma ruƙiyya ta shari'a da addu'a da karatun Alƙur'ani waraka ne ga mumini. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da kowace larura ta ƙwaƙwalwa aikin iska tun ba a bincika ba. Mutanen Zamfara sun ga darasi a 2010, lokacin da yara suka riƙa suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ɗaruruwa suka rasu, wasu suka rayu da naƙasar ƙwaƙwalwa, daga baya gwaji ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinariyar da ake daka a cikin gidaje. Farfaɗiya ma, wadda har yanzu ake gudun mai ita ana tsoron yawunsa, ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma tana da maganin da ke tsayar da ita ga mafi yawan masu ita. Mun kuma ji abin da aka tarar a 2019 a wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina, mutane ɗaure cikin sarƙa da tabon bulala, waɗanda iyayensu suka kai su da hannunsu, ba don ƙiyayya ba, sai don ba su san wata ƙofa ba. Ba dole ne malami da masani su zama abokan gaba ba: tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin nan na ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda marar lafiya ke zama cikin jama'a tare da ɗan'uwansa, likita na aiki kafaɗa da kafaɗa da masu maganin gargajiya, kuma duniya ta yaba da abin. In an yi haka a ƙasar Yarabawa, yin sa tsakanin limamin gari da ɗan garin da ya karanto fannin ya fi sauƙi.

Wani zai ce, in aka bi wannan hanya ana neman sababin kowace ɗabi'a, gobe sai a ce ɗan bindigar ma ba shi da laifi, talauci ne da maraici da ƙwaya suka mai da shi haka. A'a. Sanin sababi dabam, ba da uzuri dabam; bawa mai hankali abin tambaya ne a kan abin da ya aikata ko da me ya kai shi. Amma al'ummar da ba ta san yadda yaro ɗan shekara goma sha biyu ke zama mai kisa ba, ba za ta san yadda za ta hana ƙanensa bin sawunsa ba.

Hukuncin da na fahimta, Allah shi ne mafi sani, shi ne neman wannan ilimi ga mutanen wannan yanki a yau farilla ce ta kifaya, wadda in wasu suka ɗauka ta faɗi daga kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Imamu Gazali ya sanya likitanci a wannan matsayi, har ya koka da garuruwan Musulmi da ba su da likita nasu alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani. An buɗe sashen farko na wannan fanni a Nijeriya a Jami'ar Nsukka tun 1964, Jami'ar Jos ta daɗe da nata, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana horar da masu nazarin halayyar ɗalibai da ba da shawara. Amma mu har yanzu wanda larurar ta tsananta gare shi sai a ɗauke shi zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato, in akwai kuɗin mota, in kuma hanya ta yi kyau. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi aiki a asibitocin Zurmi da Shinkafi, Allah ya saka, amma baƙo komai kirkinsa wata rana zai koma gida. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ba za ta amfane mu ba muddin babu 'ya'yanmu da za su yi aiki da ita. Kuma matar da na ambata ɗazu ba za ta buɗe cikinta ta bakin tafinta ba, sai ga mace 'yar'uwarta mai jin harshenta, wadda ta san kunya da kawaici, ta san abin da ake faɗa da wanda ake nunawa da shiru.

Saboda haka ina kira ga iyaye, idan ɗanku ko 'yarku ya zo muku da wannan buri, kada ku hana. Ku tabbatar ya san addininsa, ku haɗa shi da malamin da zai riƙa komawa gare shi da abin da ya shige masa duhu, ku sa masa albarka. Ina roƙon malamanmu masu hawa mumbari su faɗa wa jama'a a fili cewa neman magani ga ciwon damuwa ba ya rage imani. Kai kuma ɗalibi, in Allah ya nufe ka da kammalawa, ka dawo da abin da ka koyo Zurmi da Ƙaura da Shinkafi da Birnin Tsaba, ka iya faɗarsa da Hausar da tsohuwa za ta gane, domin a nan masu buƙatarsa suke.